Ranar da manhaja ta faɗi ake sanin irin ogan da kake da shi

Duk matashin da ke neman aiki a kamfanin manhaja, ko a Yaba ta Legas ne, ko a Abuja, ko a ƙananan kamfanonin da ke tasowa a Kano da Kaduna, ga shawarata. In an gama yi maka tambayoyi aka ce kai ma ka yi taka, kada ka tsaya kan albashi da irin kwamfutar da za a ba ka. Ka ce: "Karo na ƙarshe da manhajarku ta faɗi, me ya faru da wanda ya taɓa ta?" Amsar da za a ba ka ita ce hoton wurin. Kujeru masu laushi da shayin kyauta da rigar kamfani ba sa gaya maka komai.

Ga yadda abin ya saba faruwa. Ranar Juma'a ce, an sauko daga masallaci, ƙarfe huɗu ta yi. Oga ya riga ya yi wa kwastoma alkawari cewa gyaran zai fita yau, kuma bai tambayi masu rubuta kod, wato umarnin da ake gina manhaja da shi, ba kafin ya yi alkawarin. Yaron da bai fi wata uku da fara aiki ba ya ɗora gyaran kai tsaye a kan sabar da jama'a ke amfani da ita, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, domin babu sabar gwaji, ko kuma akwai amma rabon da a daidaita ta da ta ainihi tun bara. Kowa ya watse. Wajen sha ɗayan dare kuɗin mutane suka fara maƙalewa, an cire daga asusu ba su isa ba. Zauren WhatsApp na ofis ya kama da wuta, kuma saƙon farko da oga ya turo shi ne: "Wa ya taɓa?" Ranar Litinin a miƙa wa yaron takardar tuhuma, wani wurin har a yanke masa albashi, a ce an ɗauki mataki.

Ba a ɗauki komai ba. Abin da aka yi shi ne an koya wa ma'aikata goma darasi ɗaya: in ka yi kuskure, ka ja bakinka ka yi shiru, ka yi ta fatan kada a gano. A aikin manhaja kuwa babu abin da ya fi shirun nan tsada. Kuskuren da aka faɗa cikin minti biyar ana iya janye shi kafin mutum ɗari su gani. Wanda aka ɓoye har wayewar gari ya riga ya gurɓata rumbun bayanai, sai an yi kwanaki ana bin lissafi layi-layi.

Tambayoyin da ya kamata a yi daban suke. Me ya sa mutum ɗaya zai iya ɗora kod ba tare da wani ya duba ba? Me ya sa kwastoma ne ya fara sanar da mu, na'urar sa ido ba ta yi ƙara ba? Me ya sa komawa tsohon zubin ya ci awa uku maimakon minti biyar? Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba yaron ne zai amsa ba. Oga ne zai amsa, shi ya sa ba a son yin su.

Ku dubi abin da ya faru da GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye kod ɗinsu a dandalinsa, ranar 31 ga Janairun 2017. Wani injiniyansu, cikin dare, a gajiye, yana ƙoƙarin gyara kwafin rumbun bayanai, sai ya ba da umarnin gogewa a kan babban rumbun a zatonsa na biyun ne. Kafin ya farga ya tsayar, bayanai kusan gigabait 300 sun koma 4.5. Nan take ya faɗi abin da ya yi. Da aka juya wajen kwafin ajiya, sai aka tarar hanyoyi biyar da kamfanin yake tutiya da su babu wadda ke aiki yadda ya kamata. Ɗaya ta daɗe da mutuwa saboda zubin manhajar da ke ɗaukar kwafin ya saɓa da na rumbun, saƙonnin imel da ya kamata su sanar da hakan kuma ba sa isowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin nan, don haka bayanan awa shidan suka tafi. Kamfanin ya nuna aikin farfaɗowar kai tsaye a YouTube, ya wallafa cikakken bayanin abin da ya faru, kuma bai kori injiniyan ba. Da korarsa aka yi, da hanyoyin nan biyar suna nan a mace, suna jiran na gaba.

Na Knight Capital, kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka, ya fi muni. Ranar 1 ga Agustan 2012 aka kunna sabon kod da aka ɗora a kan saba bakwai cikin takwas, ta takwas ta ci gaba da tsohon. Babu mutum na biyu da ya duba aikin. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar sama da dala miliyan 400.

To me ake yi? Na farko, bayan kowace ɓaraka a zauna cikin kwana biyu, tun kowa bai manta ba, a rubuta shafi ɗaya ko biyu. A jera lokuta: ƙarfe nawa aka ɗora, ƙarfe nawa matsalar ta fara, ƙarfe nawa aka lura, ƙarfe nawa aka faɗa, ƙarfe nawa aka gyara. Tazarar da ke tsakanin farawa da lura ita ce ma'aunin na'urorin sa idonku. Tazarar da ke tsakanin lura da faɗa ita ce ma'aunin tsoron da ma'aikata ke yi muku. Daga nan a fitar da gyara uku ko huɗu, kowanne da sunan mai shi da ranar gamawa, a saka su cikin jadawalin aiki kamar kowane aiki. Na jaddada wannan saboda a nan galibi abin ke mutuwa: a yi taro mai daɗi, a rubuta takarda, a jefa ta cikin Google Drive, bayan wata biyu matsalar ta dawo da kamanninta.

Sauran ba su da tsada. GitHub da GitLab, dandalin ajiye kod, duk suna ba da damar kulle babban reshen kod ta yadda ba abin da zai shiga sai wani ya duba ya amince, kuma kunna wannan bai kai minti goma ba. Dokar ta hau kan kowa, har mai kamfanin in yana rubuta kod, domin shi ne ya fi kowa yawan tsallake ta. Kwafin ajiya kuma, sau ɗaya a wata a ɗauko shi a farfaɗo da shi a wata saba daban, a duba agogo a ga tsawon lokacin da ya ci. Kwafin da ba a taɓa gwada farfaɗo da shi ba, kada a lissafa shi. Sannan a daina fitar da manyan sauye-sauye da yammacin Juma'a, ko jajiberin Sallah, ko dab da shan ruwa a watan azumi, sai in akwai wanda aka ajiye musamman ya zauna a kai.

Wannan ya kawo ni kan jiran ko-ta-kwana, wato zama cikin shirin a kira ka in manhaja ta faɗi bayan an tashi aiki, wanda shi ne ya fi cin ran ma'aikata a wurinmu. A kamfanoni da yawa babu jadawali. Ma'anar rashin jadawali ita ce kowa yana bakin aiki kullum, wayarsa a ƙarƙashin matashin kai, ko a wajen ɗaurin aure yake ko a asibiti da mahaifiyarsa. A raba shi mako-mako, mutum ɗaya a gaba, ɗaya a baya. In ma'aikatan huɗu ne, kowa ya ɗauki na gaba sau ɗaya a wata. Wanda aka tasa ƙarfe biyun dare kada a nemi ganinsa a taron takwas na safe. Kuma a tuna inda muke zaune. Wanda ke jira daga gida yana buƙatar wuta da data, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuwa kunna janareta ya zama abin lissafi. In kamfani yana son a amsa masa cikin minti goma sha biyar, ya sayi inbata ko babbar batir da layin intanet na biyu, kada ya bar wa ma'aikaci ya cire daga albashinsa.

Taron tsayuwa na safe ma an lalata shi. Minti goma sha biyar aka tsara masa, don 'yan ƙungiya su gaya wa juna inda suka maƙale. Idan oga ya mai da shi awa guda na titsiye, kowa zai ce "ana kan aiki", ba wanda zai ce ya kwana uku a kan abu ɗaya bai gane ba.

Sai matsalar mutum ɗaya mai riƙe da makullai. Kusan kowane ƙaramin kamfani yana da shi: shi kaɗai ya san kalmar sirrin saba, shi ya san dalilin da ya sa ba a taɓa wani fayil. Ana yabonsa a taro, amma ba ya samun hutu, kuma irinsa kamfanonin waje ke ɗauka su biya da dala ko fam, ko ya samu biza ya tafi. Tun yana nan a sa wani ya zauna kusa da shi, a rubuta matakan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, a zuba kalmomin sirri a ma'ajiyar da aƙalla mutum biyu ke iya buɗewa. Sai a ba shi hutun mako biyu a hana kowa kiransa. Duk abin da ya tsaya a makonnin nan biyu, shi ne aikin da za a fara da shi ranar da ya dawo.