"Mi Ya Bari?"

Shekaranjiya muka kai Baba Manaja makwancinsa a nan Gusau, Allah ya jiƙansa da rahama. Ƙasar makabarta ba ta ma bar ƙafafunmu ba, muna zaune kan tabarmi a ƙofar gida ana shafa fatiha, sai na ji samari uku na ƙus-ƙus a bayana. Ɗaya ya ce, "Wai mi ya bari?" Na biyu ya ce, "Wanga gida ɗai, sai tsohuwar fijo." Na ukun ya yi dariya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Shekara talatin yana manaja? Ai ko ya yi wauta."

Wauta! Ƙannena, wallahi tun ranar kalmar nan take cin raina. Kuma mai dariyar, na sani sarai, marigayin ne ya biya masa kuɗin jarrabawar gama sakandare.

Bari in gaya muku wanda kuke kira wawa. Ya fara akawu tun Gusau tana Gusau, lokacin da jirgin ƙasa ke tasowa daga Zariya ya biyo ta Funtuwa, ya tsaya nan kafin ya wuce Ƙaura Namoda, injin gurzar auduga na ruri, ma'aikatan masaƙa na fitowa kan kekuna kamar fari. A hankali ya hau har ya zama manajan wani kamfanin sayen auduga da gyaɗa. Makullin sito na aljihunsa, sikeli na gabansa. Duk wanda ya san cinikin kaka ya san ƙofofin haram da ke cikinsa: a danne sikeli, a kira auduga mai lamba ɗaya lamba biyu, a riƙe kuɗin manomi sati biyu ana juya su. Bai shiga ko ɗaya ba. Wani tsoho da ya zo gaisuwa daga wajen Tsafe, hanyar da yanzu sai da addu'a ake binta, ya ce shekara da shekaru suna kai masa kaya, ko kwabo bai taɓa ci musu ba. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, naira ta karye, kamfanoni suka fara durƙushewa, wasu sa'anninsa sun kwashe abin da ya saura sun yi gaba. Shi ya tsaya har lokacin ritayarsa, ya miƙa makulli da littafin lissafi, ya karɓi haƙƙinsa ya dawo gida.

To mi ya bari? Ya bar 'ya'ya tara da marayun ƙanensa huɗu, waɗanda mu maƙwabta sai da muka girma muka san ba shi ya haife su ba. Kwano ɗaya, ɗinkin salla ɗaya, bulala ɗaya. Magariba ba ta taɓa riskarsa a majalisa, gida yake shiga ya ji karatun kowa. 'Ya'yansa mata duk sun yi makaranta a zamanin da ake yi masa gori a kan haka. Da uwargidansa ta kwanta ciwo, shekara shida shi ke tuƙa ta asibiti Sakkwato a cikin fijon nan da kuke rainawa, shi ke ba ta abinci a baki. Manzon Allah (SAW) ya ce mafi alherinku shi ne mafi alheri ga iyalinsa. Ku kuwa mafi alheri a wurinku shi ne mai gida a Abuja.

Abin da ke ƙona ni ke nan. Yaro ya yi wata goma sha takwas yana riƙe wa ɗan siyasa jaka, ya dawo ya gina bene, sai ku ce ya waye, ya san kan duniya. Ba mai tambayar ina ya samu. Alhali tambaya biyu ce ke jiran kowa a kan dukiya ranar hisabi: ina ka samo, ina ka kashe. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma wanda ya ci zomo ya ci gudu. Kuna tsammanin infoman da ke nuna wa 'yan bindiga gidan maƙwabcinsa daga sama ya faɗo? Daga irin wannan hirar ya taso, inda ake yi wa mai amana dariya ana tafa wa ɓarawo. Ban ma so in taɓo masu ɗaga waya a kan gawa ba, ana saka mutum a kabari su suna neman inda hoto zai fi fita, su sa a Facebook tun 'yarsa da ke aure a Talatar Mafara ba ta ji ba. Wannan ma ranarsa daban.

Da can in ka shigo gida da sabon agogo, kafin ka zauna sai ka faɗi inda ya fito. Ba a ba mutum mata sai an san sana'arsa da ta ubansa. Yau uwa guɗa take yi, uba ya kau da kai ya karɓi nasa. Mu ma manya da laifinmu, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai dai mu ji tsoron Allah mu gyara, tun mutuncin bai gama zubewa ba, don madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

Sa'annin Baba Manaja a unguwarmu saura biyu, ɗaya ma ba ya gani. Yau da safe aka yi addu'ar uku. Tsohon direbansa, wanda rabonsu da aiki tare ya fi shekara ashirin, ya zo da sanda yana kuka kamar yaro. Na duba tabarmi kaf, ban ga ko ɗaya cikin samarin nan uku ba.