A faɗa mana da lamba: wane duhun gilashi ne laifi?

Sama da shekara talatin ke nan da kafa dokar hana baƙin gilashin mota a ƙasar nan, amma har gobe babu mahalukin da zai iya gaya wa mai mota a Zariya iya duhun da aka yarda ya sa. Ka tambayi mai manna leda a Sabon Gari, ya ce maka wannan ba ta da matsala, kowa ita yake sawa. Ka fito titi, kafin ka kai Kwangila an ɗaga maka hannu an ce ka yi laifi. Ka ce to wanne ne ba laifi ba, a ce maka ka sauko daga mota tukuna. Abin ya ishe mu. Mutum yana neman ya bi doka da zuciya ɗaya, an hana shi sanin inda iyakar take.

Dokar da ake taƙama da ita ta soja ce, mai lamba 6 ta shekarar 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Abin da ta ce shi ne kada a duhunta gilashin mota, kaɗan ne ko da yawa, ta yadda mutane ko kayan da ke ciki za su dushe ko su ƙi ganuwa, sai da izinin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, shi ma don dalilin lafiya ko na tsaro. Hukuncinta tarar naira 2,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko a haɗa wa mutum duka biyun. Ku karanta ta daga farko har ƙarshe, babu lamba ko ɗaya da ta auna duhu. To wa zai yanke cewa na ciki ya dushe? Idon wanda ya tare ka. Gilashin da ake hango ka tangaran ta cikinsa da hantsi, shi ne dai zai zama baƙi ƙirin bayan magariba. Ranar da hazo ya sauko ƙura ta lulluɓe mota, ko gilashin da ba a taɓa manna masa komai ba sai ka matso kafin ka ga direba. Ko hatsi a kasuwar Tudun Wada ba a sayar da shi da ido, sai an kawo mudu an auna kowa ya gani. Amma abin da zai iya kai magidanci gidan yari an bar shi a hannun kallo.

Kuma ba wai abin ba ya aunuwa ba ne. A Ingila doka ta faɗa da lamba: gilashin gaba dole ya bar aƙalla kashi 75 cikin ɗari na haske ya shige, na ƙofofin gaba kashi 70, na baya kuwa babu ruwan kowa, ka yi duhun da kake so. Jami'insu yana da 'yar na'ura da yake maƙalawa a gilashi, ta haska ta gefe ɗaya ta karanta ta ɗaya gefen, lamba ta fito a gaban mai mota. In ka wuce ka wuce, in ka faɗi ka faɗi, ba gardama ba roƙo. A Amurka ma yawancin jihohi da lambarsu a rubuce. Mu me ya hana mu? Na'urar nan ba jirgin sama ba ce, a tafin hannu ake riƙe ta.

Ku shiga shagon masu manna ledar ku ga yadda mai neman gaskiya yake rasa madafa. Naɗe-naɗen leda ne jingine da bango, a jikin kwalayensu an rubuta 5, 20, 35, 50, wani lokaci 70. Lambar nan ita ce yawan hasken da ledar ke bari ya wuce, don haka ƙaramar lamba ita ce mafi duhu: mai 5 ita ce wadda ko ka manna goshinka a gilashi ba ka ganin na ciki, mai 70 kuwa da ƙyar za ka gane an sa wani abu. Yaron shago zai yanko 'yar ƙyalle ya ɗaga maka ita a rana ya ce, “Alhaji, duba, wannan ai fara ce.” Abin da ba zai gaya maka ba, wataƙila shi ma ba a gaya masa ba, shi ne gilashin motarka tun daga kamfani ba ya barin haske duka ya wuce, yana riƙe kusan kashi ɗaya cikin huɗu. In ka ɗora leda mai 35 a kan gilashi mai 75, abin da zai rage kusan 26 ne kawai. Ka zaɓi tsaka-tsaki a hannu, ka fita da mai duhu a mota. Ya fesa ruwan sabulu, ya shimfiɗa, ya bi da roba ya matse kumfar, ya gasa gefuna da na'urar zafi, ka biya kuɗinka, ka tafi ba ka san ko ka sayo sauƙi ba ne ko ka sayo rigima. Da akwai lamba a doka, da sai ka ce masa ga abin da nake so ya fito bayan an manna, magana ta ƙare.

Masu cewa gayu ne kawai ke sa mutane neman duhun gilashi, ina jin ba su taɓa tsayawa a cunkoson PZ da azahar a watan Afrilu ba. Sitiyari ba ya taɓuwa. Kujera tana ƙona baya ta cikin riga. Jariri a cinyar uwarsa yana tsala kuka, ita tana ta kare masa fuska da gefen hijabi. A ce ka kunna na'urar sanyi? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikaci da ke zirga-zirga tsakanin Samaru da cikin gari lissafin kowace lita yake yi. Ga masu ciwon ido da haske ke soka musu kai, ga zabiya da rana ke cin fatarsu, ga matan da ba sa son duk ɗan acaɓan da ya tsaya kusa da su ya leƙa su. Ga mai barin jaka ko kwamfuta a kujerar baya ya shiga masallaci. Waɗannan mutanen ba su da wata alaƙa da ta'addanci, inuwa suke nema.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar gilashin da ya zo da duhunsa daga kamfani. Yawancin manyan motocin iyali da ake shigowa da su na hannu daga Amurka, irin su Sienna da Highlander, haka aka ƙera su: gaba fari, daga ƙofar tsakiya zuwa baya mai duhu. Launin nan a cikin gilashin yake tun wajen narka shi, ba leda ba ce. Tawa irin wannan ce. Wata rana na ɗauko mahaifiyata za mu asibiti a duba mata ido, tana baya ta rufe fuska da mayafi saboda haske, aka tare mu a wani shinge. Jami'in ya ƙwanƙwasa gilashin baya da ɗan yatsa ya ce, “Malam, ɓare wannan.” Na ce, “Ranka ya daɗe, ba leda ba ce, haka ta zo.” Na sauke gilashin rabi na nuna masa bakinsa, na ce ya sa farce ya ji ko akwai abin da zai kama. Ya sa, bai kama komai ba. Sai ya ce to takardar izini. Muna nan tsaye rana tana dukanmu, tsohuwa ta leƙo ta ce masa, “Ɗan nan, ka dubi Allah, layin likita za mu rasa.” Bai ko waiwaye ta ba. A gabanmu wata baƙar jif ta zo, ba lamba a gaba ba lamba a baya, gilashinta har na gaba baƙi wuluk, ta rage gudu kaɗan, aka janye mata itace ta wuce. Ba wanda ya nemi ganin ko mutum ne a ciki ko aljan. Mu da ake ganin fuskarmu, da tsohuwa mai ciwo a baya, mu ne abin tuhuma.

Dokar ta 1991 cewa ta yi wanda ya sayi irin wannan mota ko ya shigo da ita ya canza gilasan cikin kwana 14. Don Allah a duba wannan magana. Mota ta sauka a tashar jirgin ruwa, gwamnati ta gan ta, ta karɓi kuɗin fito. Aka yi mata rajista, aka ba ta lamba, gwamnati ta sake karɓa. A duk waɗannan matakai ba wanda ya ce gilashinta haram ne. Sai ta zo hannun talaka a Gyallesu ko Hanwa, sannan za a ce ya nemo gilasai biyar ko shida farare ya sauya, ko ya nemi izini, ko ya zama mai laifi. In haram ce, a hana ta shigowa mana.

Ita kuma takardar izinin, labarinta kaɗai ya isa ya sa mutum hawan jini. A watan Yunin 2021 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya dakatar da bayar da ita. Kusan shekara huɗu mai son bin ƙa'ida ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A 2025 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya dawo da ita daga 1 ga Mayu, ta shafin intanet na 'yan sanda mai suna POSSAP, da lambar NIN da ta haraji, da ɗaukar hoto da zanen yatsu, da biyan kuɗi. Aka sa wa'adi, aka ɗaga zuwa 12 ga Agusta, aka sake ɗagawa zuwa 2 ga Oktoba. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta garzaya kotu tana ƙalubalantar tsarin, a wata ƙarar daban kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Warri ta ce kowa ya tsaya inda yake, aka dakatar da kamen. Aka sake sa 2 ga Janairun 2026, ita ma umarnin kotu ya sa aka janye. Mai mota da ke jin wannan a rediyo yau a ce an fara, gobe a ce an fasa, me ake so ya yi? Waɗanda suka biya suna tambayar ina amfanin kuɗinsu, waɗanda ba su biya ba suna tuƙi gabansu na faɗuwa. Kuma ko ka samu takardar, ba ta amsa tambayar farko ba: daga wane duhu ne ake buƙatarta? Mai leda 70 da ake ganin har launin hularsa, shi ma sai ya nema?

Ba na cikin masu cewa a sakar wa kowa mara. Mu mutanen jihar Kaduna ba sai an ba mu labarin garkuwa da mutane ba, kuma na san ana ɓoye mugun abu a bayan baƙin gilashi. Wanda ya lulluɓe gilashin gaba da na ƙofar direba da leda mai 5 ko mai 20, ni ma ina goyon bayan a tsayar da shi a sa ya cire a nan take. Da daddare ba ya ganin madubin gefe, ba ya ganin mai keke ko yaron da zai tsallaka, a garin da yawancin tituna ba fitila. Masu irin wannan ne za ka ga sun sauke gilashi a kwana suna leƙe kafin su juya, shaida ke nan cewa su ma sun san ba sa gani. Amma a raba su da magidancin da ya sa mara duhu don 'ya'yansa. Kuma in dai tsaro ake nufi da gaske, a fara da motocin da ba su da lamba, da ayarin manya masu jiniya. Barin waɗannan su wuce a tsare mai tsohuwar Sienna ba zai kama ɓarawo ko ɗaya ba, sai dai ya ƙara yawan na goro da ake miƙawa ta taga.

Masu shagunan ma ina da magana da su. Ku daina gaya wa mutane cewa duhu shi ne sanyi. Ledar banza mai rini duhu kawai take yi, zafin kuwa tana shan sa ta juye maka a ciki, bayan ɗan lokaci ta koɗe ta koma shunayya, ta tashi ƙuraje. Akwai leda mai kyau ta seramik wadda take tare zafin rana da hasken da ke lalata fata alhali kusan fara ce. Ta fi tsada, gaskiya ne, amma a gaya wa mai saye ya zaɓa da saninsa. Sannan in an zo cirewa, a daina kankare gilashin baya da reza ana tsinka siraran wayoyin da ke kore raɓa, ana jawo wa mutum asara kan asara.

Wanda duk ya tambaye ni yanzu, abin da nake ce masa shi ne kada ya taɓa gilashin gaba, na ƙofofin gaba kuma in ya zama dole kada ya sauka ƙasa da 70, ya tsaya a waje da yamma ya tabbatar ana ganin fuskar na ciki kafin ya biya. Amma wannan dabarar kare kai ce kawai, ba ta hana a tare ka, domin ba ni ne doka ba.

Gyaran yana hannun Majalisar Tarayya, kuma Shugaban Majalisar Wakilai tun watan Yunin 2023, Abbas Tajuddeen, mazaɓar Zariya yake wakilta. Muna roƙonsa da sauran wakilanmu su ɗauko dokar nan ta 1991 su sa mata lamba: kaza a gaba, kaza a ƙofar direba, kaza a baya. A fitar da gilashin kamfani daga cikin laifi. A bar takardar izini ga mai neman wuce iyakar don lafiya ko tsaro, mara lafiya kuma kada a caje shi. A ba kowane shinge na'urar awo, jami'in da ba ya riƙe da ita kada ya yi wa kowa maganar gilashi.