Wai Sai Na Nuna Takardar Keke Kafin In Ga Dajin Ƙasata

Wallahi har yanzu zuciyata ba ta daina tafasa ba. Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce aka ci mini mutunci a gaban ɗana, a kan hanyar Bali zuwa Serti, kuma laifina guda ne: na ɗaure kekuna uku a saman mota.

Wata huɗu muka yi muna shirin tafiyar, ni da abokina da babban ɗana mai shekara 14. Kun san inda kuɗin mai ya kai tun da aka cire tallafi a 2023, ba sai na ɓata bakina ba. Daga albashi na riƙa tsakurowa ina ajiyewa. Muka baro Jalingo ranar Juma'a muka kwana a Bali, da niyyar mu isa Serti da sanyin safiya, mu yanki takardar shiga gandun dajin Gashaka Gumti, mu taka keke zuwa ƙauyen Gashaka, daga nan mu hau tudu da ƙafa. Yaron ya haddace cewa babu gandun daji a Najeriya da ya kai shi girma, fiye da murabba'in kilomita 6,000, kuma a cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda ya ɗara kowane dutse a ƙasar nan. Na faɗa masa wancan hawan kwanaki ne, amma zai ga duwatsu har ya gaji.

Wajen ƙarfe bakwai muka ci karo da shinge. Ganga biyu, igiya, da katako mai ƙusoshi a kwance a tsakiyar titi. Wani saurayi da bai wuce sa'ar ƙanena ba ya taso, sanye da 'yar riga mai ƙyalli, babu suna a ƙirji, babu alamar komai. Na yi masa sallama. Bai amsa ba. Ya zagaya motar sau biyu yana bubbuga tayar keke da sanda.

"Malam, kayan waye wannan?"

Na ce, "Kekunanmu ne, ɗan'uwa. Gashaka za mu."

"Sayarwa?"

"Hawa."

Sai ya ƙyalƙyale da dariya, ya kira na ƙarƙashin bishiya. "Ku zo ku ga wasu! Wai sun ɗauko keke a mota za su je su hau a daji." Ya juyo ya miƙo hannu. "Ina takardarsu?"

Na ce takardar me? Ya ce ta keke, da ta ɗaukar kaya, dubu biyar-biyar. Na danne zuciyata na ce to, idan doka ce zan biya, a yanka mini rasit. Jama'a, kalmar rasit ɗin nan ita ce ta jawo mana komai. Fuskarsa ta sauya nan take.

"Au, ashe ɗan boko ne. To faka can, sai oga ya zo."

Muka faka. Awa ɗaya ta wuce, babu oga. Muna tsaye wata babbar mota ta iso shaƙe da gumagumai, direba ya zuro hannu ta taga da kuɗi a dunƙule, aka janye katako, ko tsayawa bai yi ba. Babu wanda ya tambaye shi takardar itacen. Duk wanda ya san Taraba ya san yadda aka yi wa madobiya kisan kiyashi a dazuzzukanmu ana lodin ta zuwa Sin. Wannan ya wuce salin alin, keken yaro ne abin bincike.

Kuma ya bincika ɗin. Ya sa aka kwance keken ɗana, ya ɗauki hular kwanon yaron ya kifa a kansa, ya haye yana zagaya ganguna abokansa na shewa. A zagaye na uku ya afka kwalbati. Giyar baya ta lanƙwashe ta shige cikin ƙarafunan taya, sarƙa ta tsinke. Keken da yaron nan yake gogewa da tsumma kullum bayan la'asar. Ɗana ya ce, "Baba," bai ƙara komai ba, idonsa ya cika.

Na ce, "Ɗan'uwa, ka ga abin da ka yi?"

Ya cire hular ya wurgar a kan bonet. "Dattijo da furfurarka, mutane na neman na tuwo, kai ka kwaso yaro kana yawon ƙoshi. Mai kuɗin hawan dutse ai ba ya rasa kuɗin shinge."

Yawon ƙoshi! Ni da na yi wata huɗu ina ƙuntata wa gidana don in nuna wa ɗana ƙasar ubansa? Abokina ya riƙe mini hannu. Na biya dubu shida, babu rasit, babu ko "yi haƙuri."

Sai bayan azahar muka shiga gandun. Ma'aikatan wurin sun karɓe mu da mutunci, wannan ba zan ɓoye ba, amma rana ta riga ta yi nisa, ga mutum uku da keke biyu. Muka ɗan taka da ƙafa zuwa bakin ruwa, muka ga garken bika sun tsallaka hanya, muka hango duwatsu shuɗi-shuɗi can nesa, muka juyo. Abin da wata huɗu suka haifa ke nan.

Ba saurayin nan kaɗai nake jin haushi ba. Wa ya ba shi rigar? Wa ya ba shi igiyar, kuma wa yake kai wa kason yamma? Kowace gwamnati ta zo sai ta hau mumbari ta ce yawon buɗe ido zai maye gurbin man fetur. A 1991 aka kafa gandun nan, shekarar da aka ƙirƙiro jihar kanta, shekara talatin da ɗoriya ke nan, amma mai zuwa ganinsa sai ya sayi hanya ganga bayan ganga. A kan wannan titin ake hawa Mambila, inda tun muna yara muke jin labarin tashar lantarki, an ce megawat 3,050, har yau ko ƙwan fitila ɗaya ba ta kunna ba. Gandun dajin Kamuku na Birnin Gwari kuwa wa zai kai iyalinsa yanzu? 'Yan bindiga sun raba mu da wancan, wanda ya rage mana kuma masu shinge sun tsaya a hanya.

Mu ma da namu. Motoci nawa suka wuce mu a wurin nan? Kowa ya miƙa ɗari biyunsa ya kau da kai. Wani fasinja ma har leƙowa ya yi yana cewa, "Ka ba su mana, Malam, ka tare wa mutane hanya." Mun saba har mai neman rasit ya zama shi ne fitinanne. Kuma da Bature ne ya ɗauro kekunan nan, babu mai ce masa yawon ƙoshi yake.

Ranar Lahadi muna dawowa muka tarar da shingen yana nan, shi ma yana nan. Ya hango keken da ya karya a saman mota, ya washe baki.

"Alhajin keke, an dawo? To na dawowa daban ne."