Aftikos da Kuɗin Janareta

Tun da wasu sun riga sun baza labarin wa'azin da na yi a majami'armu ta Kano a guruf ɗin ajinmu har da ƙarin gishiri, bari in faɗi nawa, don a kaina abin ya faru, su bidiyo kawai suka gani.

Kun dai san zango mai zuwa layin wa'azi a capel, ɗakin sujadar makarantarmu, zai zo kaina. Wanda bai zauna a makarantar tauhidi ta Baftis ba ba zai san ciwon cikin da ke cikin wannan magana ba. Sujadar safe ce, kowa yana nan, malamai sun jeru a gaba, mai koya mana Helenanci ya buɗe Sabon Alkawarinsa yana jiran ka taka wani fi'ili. Minti ashirin ne rabonka. Malamin wa'azi kuma yana gefe da biro da takardar maki: gabatarwa, nassi, kashi uku, kammalawa, murya, tsayuwa, har da inda kake kai hannuwanka. A Ogbomosho ya yi karatu, kuma ba ya gajiya da tuna mana cewa tun 1898 ake horar da masu wa'azi a can, da cewa Bowen, mishan na farko na Baftis, ya iso ƙasar nan a 1850. Yadda yake ba da labarin Bowen, sai ka rantse shi ya riƙe masa jaka. Dokarsa ɗaya ce wadda duk mun haddace: in ka hau mumbari, ko rufi ne ya faɗo, kada ka tsaya, kada ka nuna wa jama'a ka rikice, ka faɗi kan maganarka da ƙarfi. Ku riƙe wannan doka, za ta dawo.

Da na zo hutu Kano, Fasto ya ce in ɗauki addu'ar Laraba da yamma a sashen Hausa, in gwada wa'azin a kan mutanen gida kafin in kai shi gaban malamai. Na je Ƙofar Wambai na tsinci kwat a gwanjo, baƙa, mai kauri, irin ta ƙasar da ake ƙanƙara. Watan Afrilu fa, a Kano. Mama ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wa'azi za ka ko gasa kanka?" Na shiga adaidaita daga Kwanar Jaba zuwa Sabon Gari, kafin mu iso rigar ciki ta riga ta manne.

Nassina Ayyukan Manzanni 20, aya 7 zuwa 12. Bulus a Taruwasa, ranar farko ta mako, washegari zai tafi, sai ya ja magana har tsakar dare. Fitilu da yawa a benen, saurayi Aftikos yana zaune a kan taga, barci ya kwashe shi, ya faɗo daga hawa na uku, aka ɗauke shi matacce. Kullum masu wa'azi da wannan nassi suke dukan masu gyangyaɗi, ni kuwa ban yarda da haka ba. Luka, marubucin littafin, bai zagi yaron ko da kalma ɗaya ba, shi da ya tsaya yana ba mu labarin yawan fitilu, wato zafi da hayaƙi a ɗaki cike da mutane. Abin da na ɓoye wa kashi na uku shi ne cewa Bulus ya katse wa'azinsa, ya sauko ƙasa, ya rungumi yaron. Ni dai a ganina ko malamin Helenanci sai ya gyaɗa kai. A takardun littafin rubutu na rubuta shi, na yayyage su na jera, don wai in riƙa zare ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa.

Babu wuta ranar, janareta kuma ya mutu tun Kirsimeti. An buɗe tagogi, an dasa fitilun caji biyu a kan bagade. Na ce a raina, ai ga Taruwasa ta zo har gida. Aka yi waƙa biyu daga littafin waƙoƙi, Mama shugabar zumuntar mata ta ja su da irin jan da take yi, sakatare ya yi rabin sanarwa ya ce sauran sai bayan wa'azi, ya bar takardarsa a kan mumbari. Ban lura da ita ba. Ita ma daga littafin rubutu aka yago ta.

Kashi na ɗaya ya tafi lafiya. Kashi na biyu har na samu "Amin" daga layin mata. A nan ne na hango Baba Dikin, dattijon majami'armu.

Ku da kuka san shi ba sai na ɓata bakina ba. Kujerarsa ce ta bakin taga ta hannun dama tun kafin a haife ni, kuma Littafi Mai Tsarki nasa tsohon juyi ne, na 1932, wai shi bai amince da na 1979 ba, yara ne suka yi shi. Da zarar an ce a buɗe nassi zai buɗe, ya ɗora a cinya, ya haɗa hannu a kai, ya rufe ido. In ka tambaye shi, addu'a yake yi wa mai wa'azi. Yana da wata baiwa da ban ga irinta ba: duk nisan da ya yi, da an ce "Yabo ga Ubangiji" zai amsa "Halleluya" daidai da kowa ba tare da ya buɗe ido ba. Wannan mutumin ne ya taɓa kama ni ina gyangyaɗi a sujadar tsallake shekara, ina ɗan shekara goma, ya murɗe mini kunne a gaban 'yan matan kwaya, ya kai ni gaban Mama ya ce a riƙa rage mini tuwon dare. Ban ce ina riƙe da shi a zuci ba. Na dai ce ina tunawa. Kuma ga shi yau a bakin taga, baki a ɗan buɗe, ni kuma ina kan mumbari da Aftikos a hannu. Sai da na roƙi Ubangiji ya tsare idona daga wajen, don yaran R.A., ƙungiyar yara maza ta Baftis, da ke baya sun riga sun fara nuna shi da haɓa suna danne dariya.

Ina cikin cewa "fitilu kuwa suna da yawa a benen nan", sai aka kawo wuta.

Yaran unguwa suka kwashe da ihu a waje kamar yadda suka saba. Ƙwan lantarki duk suka kama. Lasifika ta yi wata ƙara da ta sa jariri fashewa da kuka. Fankar da ke daidai kan mumbari kuwa, wadda wani bawan Allah ya bari a lamba ta ƙarshe tun ranar Lahadi, ta fara juyi a hankali, ta yi ƙugi, sannan ta ɗauka. Ina ji ina gani takarduna suka tashi kamar tattabarun da aka jefa wa dutse. Ɗaya ta faɗa cikin kwandon baiko, ɗaya ta bi ƙarƙashin ganga, ɗaya ta fita ta taga ta kan Baba Dikin, bai ko motsa ba.

Dokar malam ta faɗo mini. Ban tsaya ba. Na ci gaba da maimaita "fitilu da yawa, 'yan'uwa, fitilu da yawa" da murya iri iri, ina ɗaga hannu sama, jama'a kuma suna duban ƙwan lantarki suna cewa Amin, don sun ɗauka annabci ne ya cika a gabansu. Wani yaron R.A. ya yi ta rarrafe yana tsince takardun, ya haɗa, ya miƙo mini da hannu biyu cikin ladabi. Gumi ya cika mini ido, kwat ta zama bargo. Na duba ta sama, na ga lamba 3 da da'ira kewaye da ita, yadda nake rubuta tawa.

Na gyara tsayuwa. Na dafa mumbari da hannu biyu. Na yi shirun nan na daƙiƙa uku da aka koya mana. Sannan da muryar da na kwana ina gwadawa a bayan gida na ce:

"Abu na uku, ƙaunatattu cikin Almasihu. Waɗanda har yanzu ba su cika alkawarin kuɗin janareta ba."

Kunnena ya ji abin da bakina ya faɗa, amma baki ya riga ya yi gaba. Na karanta suna na farko. Cikakken suna, har da na mahaifi, har da naira dubu goma sha biyar. Da irin muryar da ake kiran masu zunubi su fito gaba.

Baba Dikin ya buɗe ido. Ban taɓa ganin idonsa a buɗe a lokacin wa'azi ba, ashe ja ne. Ya miƙe tsaye, Littafin 1932 ya zame ƙasa, ya ce, "Na biya!"

Majami'a ta yi tsit, in ban da fanka.

"Na biya tun watan biyu! Ɗana, wa ya ba ka wannan? Ina ma'aji?"

Ma'aji ya miƙe daga can baya ya ce, "Baba, dubu biyar ka bayar." Baba ya ce sauran ai siminti ya kawo. Wani ya ce simintin na katanga ne, ba na janareta ba. Sakatare ya taso yana tafiya a duƙe, wai don kada ya tsare wa mutane gani, ya zo ya zare takardar daga hannuna a hankali, ya raɗa mini, "Malam, wannan ba a karantawa, Fasto kawai za a nuna wa." Lasifika a kunne take. Kowa ya ji. Waɗanda suka san sunansu yana ƙasa da na Baba suka shiga duba agogo, mutum biyu suka tuna suna da uzuri a gida. Fasto ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa, har yau yana cewa addu'a yake yi.

Ni kuma ina tsaye. Takardar kashi na uku ita ce wadda ta fita ta taga. Na buɗe baki in faɗe shi da ka, abin da na yi ta bita har a cikin adaidaita, sai na tarar babu komai a kaina sai dubu goma sha biyar. Na ce, "Bulus kuwa..." Baba Dikin ya ce, "Bar Bulus tukuna, a kawo littafin rasit." Mama shugabar zumunta ce ta cece ni, ta ɗaga waƙa ba tare da an ce ta ɗaga ba, mata suka amsa, mai ganga ya shiga, aka tashi tsaye. A cikin waƙar na sauko. Ko addu'ar rufewa ban yi ba.

Yanzu ga inda raina yake ɓaci da gaske. Ba Baba ba, ba yaron ba, ba ma sakatare ba. Ɗan ajinmu, wanda kuka sani, wanda muke ɗaki ɗaya da shi, wanda ya cinye mini garin kwaki da ƙuli zangon da ya wuce ya ce ɓera ne. Ni na gayyace shi, ni na biya masa kuɗin adaidaita daga Badawa, na ba shi wayata na ce ya ɗauka don in ga tsayuwata in gyara. Da wayarsa ya ɗauka. Minti goma sha biyu na wa'azi mai kyau bai ɗauki ko ɗaya ba, wai caji yake tattali. Daga tashin takardu ya fara, kuma kuna jin dariyarsa a ciki, har hoton yana girgiza. Kafin in cire kwat ya tura guruf. Da na yi masa magana sai ya ce don a yi mini addu'a ya tura. Mutumin da a capel ɗin bara ya ce Yunusa kwana arba'in ya yi a cikin kifi, maimakon kwana uku, muka rufa masa asiri, babu wanda ya ɗauka. Yanzu duk wanda ya kira ni daga makaranta, kafin gaisuwa sai ya ce, "Abu na uku." Har wani malami, ba zan faɗi wanne ba, ya turo mini saƙo yana tambaya ko sunansa yana ciki.

Baba Dikin bai amsa gaisuwata ba ranar Lahadi, amma ya aiko jikarsa da sauran dubu goman a ambulan, ya ce a ba "ɗan Fasto mai karɓar bashi". Na kai wa ma'aji. Ma'aji ya ce tun Laraba mutum shida suka biya, ya tambaya ko zan samu lokaci kafin in koma, akwai na rufin makarantar Lahadi. Fasto ma bai ce a'a ba.

Takardar da ta fita ta taga, yaron R.A. ya ce ya ga mai ƙosan bakin titi ta ɗauka. Na je na tambaye ta, ta ce ita ba ta duba abin da ke rubuce, in ina son ƙosai in faɗi na nawa. Na sayi na ɗari biyu.