Motar lantarki a Saudiyya: tallafin ya sauko ƙasa mana

Ina cikin masu ganin Saudiyya ta yi daidai da ta zuba kuɗin mai a motar da ba ta shan mai. Koriya ta Kudu da Sin ba su kafa masana'antun motocinsu ba sai da gwamnati ta tsaya musu. Damuwata ita ce inda kuɗin yake taruwa.

A 2018 asusun zuba jarin gwamnati, PIF, ya sa sama da dala biliyan 1 a kamfanin Lucid na Amurka, har ya kai ga mallakar kusan kashi 60 cikin ɗari. A 2022 gwamnati ta yi alkawarin sayen motocinsa har 100,000 cikin shekara goma, a Satumban 2023 kuma aka buɗe masana'antarsa a birnin tattalin arziki na Sarki Abdullahi, arewa da Jidda. Ga Ceer, kamfanin motar lantarki na Saudiyya da aka kafa tare da Foxconn na Taiwan, ga Hyundai da zai riƙa ƙera mota 50,000 a shekara a wannan wurin.

To amma da me masana'antar Lucid ta fara? Da haɗa sassan da aka kawo daga Arizona, mota 5,000 a shekara. A 2024 duk duniya motar da kamfanin ya miƙa wa masu saye ba ta kai 11,000 ba, kuma mota ce ta masu hannu da shuni. Batir, wanda ya fi komai tsada a jikinta, daga waje yake zuwa, Sin ce kuma ke tace mafi yawan litiyam ɗin duniya, ma'adinin da ake yin batirin da shi. Shi ya sa na fi murna da shirin haƙo litiyam da Aramco da kamfanin haƙar ma'adinai na Ma'aden suka sanar a Janairun 2025 fiye da duk wani bikin yanke ƙyalle.

Sai batun mai. Tun Yulin 2021 gwamnati ta ƙayyade litar fetur mai lamba 91 a riyal 2.18. Hannu ɗaya yana tallafa wa lantarki, ɗayan yana riƙe da farashin fetur. Direban da ke jigilar masu Umra tsakanin Makka da Madina, tafiyar sama da kilomita 400 cikin zafin da ba a kashe na'urar sanyaya mota, lissafinsa a fili yake: minti biyar ya cika tanki ya wuce. Ba zai canza ba sai ya ga wurin caji a hanya, wanda yake aiki, ba layi. Kamfanin EVIQ ya yi alkawarin na'urorin caji 5,000 kafin 2030. Da ni ake shawara, wannan za a fara gamawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 'ya'yanmu da ke garejojin Sina'iyya, wato unguwannin masu gyaran mota, a Makka da Jidda. Yaro ya shekara biyar yana juyen baƙin mai, yana canza fulogi, yana walda salansa, hannunsa ya faɗa. Motar lantarki ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da take da shi batir ne mai ɗaruruwan bolt, wanda zai iya kashe bakanike idan ya taɓa shi da ka. Ubangidansa ma bai san aikin ba, balle ya koya masa.

Don haka duk kamfanin da zai ci rancen gwamnati ko filinta, a gindaya masa sharaɗi: ya faɗi kashi nawa na motar ake yi a gida kowace shekara, ya kuma buɗe wa ƙananan garejoji ƙofar horo da sayen kayan gyara. Kwalejojin fasaha su shirya kwas na dare ga wanda ya riga yana sana'ar, ɗan ƙasa ne ko mai igama, domin a gareji kafaɗa da kafaɗa suke aiki, su kuma za a kawo wa motar idan garantinta ya ƙare.