Shekarun Barewar Kawu

Kawuna ya daɗe yana farautar barewa mai farar wutsiya a dazukan Amurka, ni kuwa aikina riƙe tocila da ba da shawarar da ba a nema ba. Ranar da ya harbo wani namiji mai ƙaho reshe takwas, tun kafin ya rataya bindiga na yanke hukunci: "Kawu, shekara takwas cif."

"A ƙaho ka ƙirga?" ya ce. "Yaro, ƙahon nan duk shekara zubewa yake, wani ya fito. Abinci da gado ke ba shi rassa. Duba baki."

Na ɗaga leɓen sama, sai ga dasashi fayau, babu haƙorin gaba ko ɗaya. Na ce, "Ashe ma na rage masa! Kawu, tsoho tukuf ka harbe, ai wannan gaishe shi ya kamata a yi." Kawu ya yi dariya har da zama a kan kututture. Wai duk barewa haka take tun haihuwa, kamar akuya, haƙoran gaba a ƙasa kawai suke. Magana tana can ciki, a haƙoran tauna na muƙamuƙin ƙasa.

Shiga can cikin shi ne aiki, domin gawar ta fara sandarewa. Na danna sanda na ɓanɓare bakin, na kama tocila da haƙorana, na zura hannu. Sanda ta zame, muƙamuƙi ya rufe a kan yatsuna. Na ƙwalla ihu, tocila ta faɗa cikin ganye, wani koren ruwa na tuƙa ya gangaro mini cikin hannun riga. Wannan warin, ko maƙiyi ba na yi masa fatansa.

Da wuƙa Kawu ya tsaga kuncin cikin natsuwa, ya sa ni ƙirge. Shida a jere: ya wuce ɗan bana, wanda ba ya wuce uku ko huɗu. Haƙori na uku tsini biyu gare shi. Da tsini uku ne, da na nono ne, shekara ɗaya da rabi ke nan. Daga nan sai duban cinyewa ta ɓangaren harshe, inda ake gwada faɗin wani layi mai launin ƙasa da ke saman haƙorin da farin da ya kewaye shi. A haƙori na huɗu launin ƙasar ya fi farin faɗi, a na biyar bai kai ba. "Uku da rabi," in ji Kawu.

Na ce rabin nan kuma daga ina, takardar haihuwa ya gani? Ya ce a watan Mayu ko Yuni ake haifarsu, a harbe su wajen Nuwamba, lissafi ne kawai. Wani masani Severinghaus ne ya tsara hanyar a 1949, a jihar New York.

A nan na samu ƙofa, domin Kawu da bakinsa ya ce bayan shekara uku abin kintace ne, kuma barewar da ke kiwo a ƙasa mai yashi haƙoranta sun fi saurin cinyewa. Na ce to wannan laushi ya ci duk rayuwarsa, shi ya sa haƙoran suka yi ƙuruciya. Muka yi da shi za a cire haƙoran gaba biyu na tsakiya a aika ɗakin bincike, inda suke yanka saiwar su ƙirga zobban da ke taruwa shekara-shekara.

Na kai muƙamuƙin gida, na shanya shi bayan ɗaki ya bushe. Da safe sai sawun karen maƙwabci. Kawu ya bugo waya yana tambaya, na ce masa shaida ta ɓata, saboda haka takwas ɗina tana nan daram.