Ga Matasan Mawaƙa: Ku San Bakin da Kuke Waƙa da Shi

'Yan'uwa masu shiga situdiyo, musamman ku da kuke cusa Turanci a baitocinku, ku tsaya ku dubi mawaƙan Birtaniya kafin ku ci gaba da murɗa harshe. Ƙasa ce da kasuwar waƙarta ke biye da Amurka da Japan wajen girma, kuma tun watan Fabrairun 1964, lokacin da The Beatles na birnin Liverpool suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka, mutane kusan miliyan 73 suna kallo, duniya take sauraronta. Amma ku kasa kunne da kyau: da yawa daga cikin manyan mawaƙansu ba da bakin garinsu suke waƙa ba. Adele 'yar unguwar Tottenham ce a Landan, in tana hira Landan tsantsa za ka ji, da ta ɗaga murya kuwa sai ka rantse daga kudancin Amurka ta fito.

Abin yana da dalili. Salon da suka ara asalinsa na baƙaƙen fatar Amurka ne, sai lafazin ya biyo kiɗan. Masanin harshe Peter Trudgill ya bi diddigin wannan a 1983, ya nuna wuraren da ake gane aron: furta "r" a ƙarshen kalma irin "car" wadda ɗan Landan ke haɗiyewa, mai da "t" ta "better" kamar "d", da jan "my" ta koma "ma". Ya kuma lura cewa The Beatles sun yi ta rage wannan aro yayin da sunansu ke kafuwa. Sai kuma dalili na biyu, wanda ya shafi kowa: idan ka ja wasali tsawon bugu uku ko huɗu, karin waƙar yana shafe hawa da saukar muryar da ake gane ɗan gari da su.

Wasu sun ƙi aron, kuma bai hana su cin kasuwa ba. Ƙungiyar Arctic Monkeys ta fitar da kundinta na farko a 2006 da bakin garinsu Sheffield, Skepta, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya ci kyautar Mercury, wata babbar kyautar waƙa ta Birtaniya, a 2016 da Turancin titin Landan. Saboda haka ba a ce dole sai wannan ko wancan ba. Abin kunya shi ne mawaƙin da bai ma san da wane baki yake waƙa ba.

Ga yadda za ku gwada kanku. Ku ɗauki baitin da waya sau biyu, na farko da magana kamar kuna hira da aboki, na biyu da rerawa. Ku saurara, ku ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ta sauya kama. Sannan ku yanke shawara a kan kowace ɗaya tun kafin a kunna makirfo. Inda abin ke lalacewa shi ne wajen ninka murya: ka furta "r" a ɗauka ta farko, ka haɗiye ta a ta biyu, da injiniya ya ɗora su sai ƙarshen kalmar ya yi kamar mutum biyu na gardama, kuma gyaran kwamfuta ba ya ɓoye wannan. A Hausa ma haɗarin ya fi, tunda tsawon wasali da karin sauti su ke riƙe da ma'ana. Ja wasalin farko na "gari" ba bisa ƙa'ida ba, ka tashi daga birni ka faɗa buhun tuwo. Basakkwace kuma da ke tilasta wa kansa Kananci a rabin baiti, mutanen gida za su ji, na Kano ma za su ji.

To, in an taso ku a intanet fa? Domin za a taso ku, ko kan lafazi ko kan shiga. A watan Agustan 2020 Adele ta sa hoto a Instagram da ƙullin gashi irin na Afirka da tufa mai tutar Jamaika don bikin titi na Notting Hill da ake yi a Landan, aka yi mata ca cewa ta wawuri al'adar da ba tata ba. Ba ta goge hoton ba. Daga baya ta bayyana cewa ta fahimci masu sukar, gogewa kuma tamkar nuna abin bai faru ba ne. Ed Sheeran shi kuwa a 2017 daina karanta Twitter ya yi saboda zagi.

Kada ku mayar da martani a ranar. Ku bari a kwana. Ku ba wani mai sanyin kai wayar ya ware muku suka mai hujja daga zagin banza. In akwai kuskure, ku amsa shi sau ɗaya, a jimla biyu ko uku, ba tare da "idan na ɓata wa wani rai" ba, don wannan ƙara wa wuta fetur yake. Gogewa ba ta da amfani, an riga an ɗauki hoton allo. Kuma ku ja kunnen masoyanku kada su bi masu sukar da ashar, domin duk abin da suka rubuta da sunanku za a lissafa shi.